Kunnen da Baba Mai Jita ya zaɓa wa Yayana

Ƙarfe bakwai da rabi yake ɗage ƙofar shago. Kafin ya taɓa kayan kowa sai ya share tebur, ya jona ƙarfen liƙi ya ɗau zafi, ya jera sukudirebobinsa daga ƙarami zuwa babba, sannan ya zuba shayi a wani kofi mai karyayyen hannu. Shagon ɗan tsukuku ne, tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da batir. In mutum uku suka zo, dole ɗaya ya tsaya a ƙofa. A bango, bayan kujerarsa, akwai jitarsa ta kansa naɗe cikin farin ƙyalle. Shekara arba'in da ɗaya ke nan Baba Mai Jita yana gyaran kayan kiɗa a nan, kuma ranar Asabar zai rufe. Ido ne ya gaji. Wayar da yake naɗawa ta fi gashin kai siranta, yanzu ko ya ɗora tabarau kan tabarau ba ya ganinta.

Ni malamar makaranta ce, ban san kiɗa ba, in na ja waƙa ma 'ya'yana haƙuri suke ba ni. Abu ɗaya na koya a shagon nan. Jita mai lantarki tana da wata 'yar na'ura a ƙarƙashin tsirkiyoyi, maganaɗisu ne da aka naɗe da waya, ita ke ɗaukar sauti ta miƙa wa lasifika. Baba kunne yake ce mata, duk makaɗan garin kuma suka bi bakinsa. In kunne ya mutu, ko bai dace da mai jitar ba, sai a sauya. A nan gwanintar Baba take, a nan kuma taurin kansa yake.

Ba ya sayar wa mutum kunne sai ya ga kiɗansa. Ka zo da gaggawarka, zai nuna maka benci ya ce, "Zauna ka kaɗa, kada ka jona wuta." Mai gyaran takalmi ya ce ya sha ganin manyan makaɗa sun fito suna huci saboda wannan. Ya ba ni labarin wani da ya zo da ƙatuwar mota, ya dage sai an sa masa kunnen da ya fi kowanne ƙara. Baba ya saurare shi, ya buɗe jitar, ya liƙe wata waya da ta saki, ya ce, "Kunnenka lafiyarsa lau. Ka rage dukanta, ba ta yi maka laifi ba."

Shekara shida da suka wuce ni da kaina na ga aikinsa. Yayana makaɗin jita ne a wata ƙungiya, shekara ashirin ba shi da wata sana'a. Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma hannun dama bai dawo daidai ba. 'Yar robar da ake kaɗa tsirkiya da ita sai ta riƙa zamewa daga yatsunsa, in ya kaɗa kuma ganga ta danne shi, ba a jin komai. Shugaban ƙungiyar ya yi haƙuri har ya gaji, a ƙarshe ya ce nan da wata guda za a yi gwaji, in ba a ji jitar ba, wani za su ɗauka. Na ji haushinsa a lokacin, amma yanzu na san shi ma yana da mutane a wuyansa. Yaya ya daina fita, ya daina wasa da 'ya'yansa. Tsorona ba rasa aikin kaɗai ba ne, gani nake in aka cire shi ba zai ƙara tashi ba.

Ni na ja shi zuwa shagon, yana tafe yana mita. Da shigarmu ya ce, "Baba, kunne mai ƙarfi nake so, wanda ko shafa shi na yi zai yi tsawa."

"To, ɗana. Zauna ka kaɗa."

Yaya ya kaɗa, robar ta faɗi. Ya ɗauka, ta sake faɗuwa. A karo na uku ya bar ta a ƙasa, cikin fushi ya ci gaba da babban yatsa. Baba kuwa hannun kawai yake kallo. Can ya ce, "Kunnen da kake so zai ɗauki sautinka, ya ɗauki rawar hannunka, ya kai wa jama'a duka biyun. Maganaɗisunsa kuma yana jan tsirkiya, sauti ya mutu da wuri, sai ka yi ta kaɗawa, alhali ƙarfin ne ba ka da shi. Kai tsohon hannunka kake yi wa sayayya. Wannan hannun da ya rage za mu zaɓa wa."

Yaya ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na ji kamar in ce wa tsohon nan ya tausasa harshe.

Mako biyu muna zarya. Ya sa kunne uku, ya cire uku. Kullum Yaya ya kaɗa da babban yatsa, Baba ya karkace kai ya ce, "A'a, ba shi ba ne." Na fara gajiya, har na ce, "Baba, kwana fa yana ƙarewa." Ya ce, "Na iya ƙirga, 'yata." Rannan muka zo muka tarar ya sa wani tsohon kunne, murfinsa duk ya dushe, ya ɗora shi can kusa da wuyan jita, daidai inda yatsan Yaya yake sauka. Na ce a raina, yau kam Baba ya kai mu bola. Ya jona lasifika, ya ɗan ɗaga gefen da ke ƙarƙashin siraran tsirkiyoyi da sukudireba. Yaya ya taɓa sau ɗaya. Sautin ya fito da kauri, ya tsaya, ya ƙi mutuwa, har mai gyaran takalmi ya leƙo da guduma a hannu.

Ranar gwaji da la'asar ina tsaye a bakin ƙofar ɗakin gwajin. Yaya bai kaɗa rabin abin da yake kaɗawa a da ba, amma duk tsirkiyar da ya taɓa sai sautinta ya cika ɗakin. Mai ganga da kansa ya sassauta hannu. Da aka gama shugaba ya dube shi ya ce, "Jibi ka zo da wuri." Har yau Yaya yana ƙungiyar, kuma masu tasowa suna jefar da robarsu don su kwaikwayi salonsa. In na gan su dariya nake, ba su san daga ina salon ya fito ba.

Baba, kai ne wanda ba a taɓa kiran sunansa a lasifika ba, alhali rabin sautin garin nan daga teburinka ya fita. Kai ne mai kallon hannun mutum kafin ka kalli kayansa. Ina alfahari da na san ka. Duk mai sana'a da ke karanta wannan, tela ne ko likita ko malami irina, ya koyi zaunar da mutum ya ga abin da ya rage masa kafin ya zaɓa masa komai.

Jiya na je taya shi haɗa kaya. Na sauko da jitar nan ta bango, ƙyallen ya zame, sai ga rami a kusa da wuyanta, wayoyi biyu suna lilo. Mai gyaran takalmi ya ce da can kullum da rana Baba yakan kaɗa ta, shekara shida ke nan bai ƙara jinta ba.

Na ce, "Baba, ina kunnenta?"

Ya karɓa ya mayar da ƙyallen. Ya ce, "Yana wurin aiki."

Mun gode, Baba. Allah ya saka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi. Ka ce kada in faɗa, na ƙi ji, ka yafe mini. Yaya, kai ma yau ka fara sani. Ranar Asabar ka ɗauko jitarka ka zo shago da wuri, ka zauna a bencin nan ka kaɗa masa ya ji.