Zufar Yaya da Bargon Mai Agogo

Yayata ta yi rabin rayuwarta a ɗakin wanki na wani otal, can ƙasan bene inda baƙi ba sa leƙawa. Guga take yi. Zanen gado, rigar filo, tawul, labule, duk abin da ya fito daga injin wanki sai ya bi ta hannunta kafin ya hau sama. Abokan aikinta Uwar Guga suke ce mata, mu kuwa a gida Yaya kawai muke cewa, har 'yarta ma da haka ta buɗi baki. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, hannunta ya saba da zafi har takan ɗauke murfin tukunya ba tsumma.

Mijinta gyaran agogo yake yi a wata 'yar rumfa kusa da tashar mota, shi ya sa kowa ke ce masa Mai Agogo. Ita Malam take ce masa. Shi ne mai surutun gidan. Ciki da falo suke haya a saman bene, 'yarsu tilo ta yi aure a nesa. Shagon ɗinkina yana layin bayansu, don haka da wuya rana ta faɗi ban biya ba.

Ta kusa hamsin abin ya fara mata. Da farko dutsen guga ta ɗora wa laifi. Tana tsaye sai zafi ya taso mata daga ƙirji, ya hau wuya, ya mamaye fuska, zufa ta karyo. To amma ranar hutu ma yana zuwa, a cikin bas ma bai bar ta ba. Wata nas a asibitin unguwa ta ce mata shekaru ne, al'ada ce ke shirin ɗaukewa, kuma abin yakan ja lokaci. Ta ce ta rage kaya masu nauyi, ta nemi na auduga. Yaya ta zo ta faɗa mini a bakin shago, murya ƙasa-ƙasa, sai ka ce wani abin kunya ta yi.

Na rana da sauƙi, na dare ne ya gallabe ta. Da safe in na shiga sai in tarar da igiyar baranda ta cika da shanya: zanen gado, rigunan barci, rigar filo. Zanen wani mai sheƙi ne da 'yarta ta aiko mata, ga kyau a ido amma roba ce zalla, ba ya shan ruwa. Katifar kuma tana cikin ledarta tun ranar da aka sayo ta, don Yaya ba ta son datti. Idan zufar ta zubo ba ta da wurin zuwa, sai ta kwanta a ƙarƙashinta.

A wannan shekarar ce ciwon ƙoda ya kama Mai Agogo. Ya rame, jininsa ya yi ƙasa, sanyi ya shige masa ƙashi. Ko garin ya ɗau zafi yana cikin safa da bargo. Ita ta kunna fanka, shi ya miƙa hannu ya kashe. Shi dai wasa ya mai da abin. Yakan ce Allah ya haɗa murhu da firij a gado ɗaya, kuma da za ta yarda ya ɗora butar shayi a bayanta, da ba sai an kunna risho ba. Ta harare shi, amma sai ka ga kafaɗarta tana rawa don dariya. Ita da kanta ta faɗa mini cewa idan zafin ya taso takan lalubo hannunsa mai sanyi ta ɗora a wuyanta, ko da barci yake yi.

Da otal ɗin ya fitar da tsofaffin zannuwa ya raba wa ma'aikata, Yaya ta tsinci waɗanda wanki ya cinye har suka yi laushi, ta kawo mini. Ta san abin da take so. Riga mai faɗi, ba roba a ƙugu, ba leshi a wuya don yana ƙaiƙayi in ya jiƙe, hannu gajere, maɓalli a gaba don ta iya canzawa ba tare da ta girgiza gadon ta tashe shi ba. Na ɗinka mata. Muka haɗu muka yage ledar katifa, tana ta mita wai mun lalata sabuwar katifa. Ta samu sauƙi, amma zufar ba ta daina ba.

Wata safiya Mai Agogo ya tashi da tari, gefen shimfiɗarsa da danshi. Tarin ya sauka ƙirji, sai da aka kwantar da shi a asibiti. Likita bai ce komai a kan zufa ba. Yayarsa ce da ta zo dubiya ta ce, a gaban mutane, ita ba ta taɓa ganin inda ake kwantar da marar lafiya a jiƙaƙƙen gado ba. Ranar da aka sallamo shi Yaya ta gyara masa gado, ta ninka bargo biyu, ita kuma ta ɗauki filonta da fanka ta koma falo, ta yi shimfiɗa a ƙasa gindin taga.

Ya ɗauka na 'yan kwanaki ne. Da ya ga an shiga wani wata, sai ya tare ni ina shigowa da safe, kofin shayi a hannunsa.

"Ƙanwata, ki gaya wa yayarki ta dawo ɗaki. Gadon ya yi mini faɗi."

Yaya tana bakin ƙofa tana ɗaura ɗankwali, za ta fita aiki. Ta ce, "Sai na bushe, Malam."

"In kuma ba ki bushe ba fa?"

"Sha shayinka kafin ya huce."

Daga ranar bai ƙara zancen ba, wasan murhu da firij ma ya daina. Hannunsa ya fara rawa, ƙananan kusoshin agogo suna zube masa, zuwa rumfa ya zama sai jefi-jefi. Ita tana yi masa komai, abinci, magani, wanka, ba ta taɓa gajiya ba. Amma in lokacin kwanciya ya yi sai ta ja masa ƙofa.

Ni ce na kawo shawarar a raba shimfiɗar. Kowa da zanensa ɗan siriri, tawul a ƙarƙashin nata, bargonsa a ninke ta gefensa, ƙaramar fanka a ƙasa ta ɓangarenta yadda iskar ba za ta taɓa shi ba. Ta daɗe tana jan ƙafa, tana cewa in ya sake tari fa, me za ta ce wa danginsa. Daga baya ta yarda. Na yanka, na yi kalmasa, ta ce ba za ta shimfiɗa ba sai ta kai wurin aiki ta goge su da kyau. Zannuwan suna can a kabad ɗinta na otal ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya gagare shi, aka sake kai shi asibiti.

A can kan kujerar roba take zama kusa da gadonsa. Wata rana da azahar zafin ya taso mata, ta jiƙe sharkaf, tana fifita da murfin kwano. Shi yana rawar sanyi cikin bargo, amma ya yafito nas ya ce ta taimaka ta kunna fankar sama, matarsa na jin zafi. Yaya ta ce a bari. Ya ce a kunna. Aka kunna, ta tashi ta tsaya tsakaninsa da iskar har abin ya lafa mata. Bai ƙara mako ba Allah ya karɓi abinsa.

Bayan mutane sun watse ta koma cikin ɗakin. Zafin bai tausaya mata ba, sai da ya ƙara wasu shekaru yana zuwa, yana raguwa kaɗan-kaɗan, har ya ɗauke ba ta ma lura da ranar ba. Yanzu gwiwa ta hana ta tsayuwa, a otal an mai da ita wurin teburin ninke kaya. 'Yarta tana ta roƙonta ta koma wurinsu, ita kuma kullum sai ta ce bari dai a ga ƙarshen shekara.

Kwanan baya tana zaune a shagona tana taya ni warware wani ɗinki da ya karkace, sai ta tambaye ni ko ina ganin ya tafi da haushinta a ransa. Na ce haba Yaya, mutumin da bai iya fushin yini ɗaya ba. Ta gyaɗa kai, idonta a kan zaren.

"Ina nan kusa da shi a asibitin, daga ni sai shi," ta ce. "Ban tambaye shi ba."

Wata mata ta shigo karɓar ɗinkinta, Yaya ta share fuska da bayan hannu, ta matsa mata a kan benci.