Surukar da Ta Cinye Kaji

Har na kai shekara goma sha biyar, waƙa iri biyu kawai na sani: ta coci da ta gona. Babana ne ke koyar da kwaya, wato mawaƙan coci, a ƙauyenmu, kusa da Madakiya, kuma a wurinsa waƙa murya huɗu gare ta, duk abin da ya fita daga huɗun nan hayaniya ne. Waƙoƙin da ake yi da yarenmu wurin gayya ko kan dutsen niƙa kuwa, ba wanda ya ɗauke su waƙa. Cikin aiki suke.

Shekara biyu bayan yaƙin basasa aka kai ni Kafanchan karatu, na sauka gidan kawuna a kwatas ɗin reluwe. Maƙwabcinmu wani Bayarabe ne direban jirgi, yana da garmaho mai batir. Ran Asabar da la'asar sai ya fito da shi gindin mangwaro ya ɗora faifan haylaif. Ranar da na fara ji, daga famfo nake, na tsaya da bokiti a ka har wuyana ya sage.

Matar kawu ta leƙo ta ce, “Kai, ruwan nan na girki ne ko na kallo?”

Kafin wata guda na zama masani. Da na je hutu gida, na gaya wa Baba cewa kwayarsa ba za ta ci gaba ba sai an sa mata ƙaho da ganga irin na Legas. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce in je in ba awaki ruwa.

Haylaif bai daɗe a hannuna ba. Wani ɗan ajin gaba da mu ya zo da fayafayan sol na baƙaƙen Amurka, nan take na yanke hukunci cewa haylaif kiɗan tsofaffi ne. Na tara suma, na soka mata matsefin katako, na sa tela ya ɗinka mini wando mai faɗin ƙafa wanda ke share titin tasha kyauta. Ihun mawaƙan ma na koya. Wata safiya na gwada shi a banɗaki, matar kawu ta rugo da muciya, ta zaci kunama ce ta harbe ni.

Daga nan na faɗa kiɗan kantiri na Turawan Amurka, na yi wata shida ina baƙin ciki kan macen da ta gudu ta bar ni, alhali ko budurwa ban taɓa yi ba. Waƙoƙin Indiya na silima kuwa, a gaban abokai zaginsu nake yi, in na kaɗaita ina wanki in same su a bakina. Haka nake: duk sabon kiɗan da na kama, sai na raina wanda na saki jiya. Goge da kalangu da nake ji a bakin kasuwa ma ko lissafa su ban yi ba.

Sai kiɗan Kwango ya zo. Jitar nan tasu ta shiga jinina sosai. Akwai wata waƙa mai sanyi da na saurara har na haddace, na rubuta kalmominta yadda kunnena ya ji su a bayan littafin lissafi. Ban san ko kalma ɗaya ta yaren ba, amma yadda mawaƙin ke marairaicewa, na tabbata soyayya ce.

A lokacin akwai wata yarinya a kwayar cocinmu na gari, tana koyon aikin jinya. Na yi wata uku ina shirin yi mata magana. Wata Lahadi bayan sujada na aro jita mai tsirkiya biyar, ta shida ta tsinke, na bi ta gida. Muka zauna a kan benci a ƙofar gidansu. Can gefe babanta, wani tsohon soja mai gadin sito a reluwe, yana gyaran sarkar kekensa, bai ko ɗaga kai ba bayan mun gaisa.

Na ce mata, “Zan yi miki wata waƙa. Ma'anarta, idanunki sun hana ni cin abinci.”

Na rufe ido na fara. Ina tsakiyar baiti na biyu, wurin da ake jan murya, sai na ji sifana ta faɗi ƙasa. Na buɗe ido na ga tsohon ya riƙe ciki yana dariya har da hawaye.

“Yaro, ka san abin da kake faɗa?”

“Baba, waƙar soyayya ce.”

“Soyayya! Shekara biyu na yi a Kwango da bataliyarmu. Mutumin nan kuka yake, surukarsa ta zo kwana uku, ta yi wata biyar, ta cinye masa kaji duka. Wancan wurin da ka ja murya, makokin zakaransa yake yi.” Ya share ido ya ƙara da cewa, “Rabin abin da ka rera ma ba yaren kowa ba ne.”

Yarinyar ta yi ƙoƙari, ban ƙi ba. Ta toshe baki da ɗankwali, kafaɗunta suna rawa, daga baya ta tashi ta shige gida, na jiyo ta tana ba mamarta labari. Na ɗauki jitata na yi sallama. Ƙafar wandona ta kama fedar keken, sai da tsohon ya sunkuya ya cire mini.

Sati uku ban taka coci ba. A na huɗu kawu ya ce tsohon soja yana nemana. Na tafi ina zaton wata dariyar ce ta rage, sai na tarar ya fito da nasa garmahon da tarin fayafai a cikin akwatin ƙarfe.

Ya ce, “Zauna. Kunne kana da shi, haƙuri ne babu.”

Ya ɗora na Kwango yana fassara mini layi layi. Da ya ƙare ya ɗauko wani, sai na ji goge. Na fara yatsina fuska, ya ɗaga mini yatsa, na natsu. Ya ce in bar kalmomin, in bi tsirkiyar kawai, in ji inda take amsa wa mai waƙa. Na bi. Kafin faifan ya ƙare na ga ƙafata tana motsi, na yi sauri na danne ta da hannu, amma ya riga ya gani.

Daga ranar kusan kowace Lahadi ina gidan. A nan na ji kiɗan juju na Yarabawa, na ji kiɗan Gana, da rege ya shigo gari kuma ni na kai masa, ya saurara da kyau ya ce masu gangar ba su ci abinci ba. Har waƙoƙin gayya na yarenmu ya sa na rera masa, shi ma ya yi mini na yarensu.

'Yarsa ta gama karatu ta auri wani malamin gona daga Kagarko, mutumin kirki wanda ko amin ba ya iya ja daidai. Ni kuma na ci gaba da zuwa wurin tsohon har aka yi masa ritaya ya koma ƙauyensu da akwatinsa.