Tsarabar Suruki da Babur ɗin Ishiyaku

Ishiyaku na Rano shekararsa arba'in da uku, kuma ban da Baturen da ke zuwa rangadi, shi kaɗai ne mai babur a duk ƙasar Rano da Kibiya. Babur ɗin dai ba ya tafiya.

Ɗan maƙera ne. Yana saurayi ya tafi Kano ya kama aiki a wani kantin Turawa mai sayen gyaɗa, ya fara da goge mota har ya kai ga kwance inji ya mayar. Da Baturen kantin zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa wani tsohon babur da ya daɗe a jingine. Ishiyaku ya kwance shi gunduwa-gunduwa ya ɗoro wa jakuna zuwa gida. Tun daga nan, duk rani yana zaure yana wanke ƙarafa da kananzir.

Bara abu ɗaya ya rage, zobban fistan. Fistan shi ne ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin silinda, wato tukunyar injin, zobban kuwa su ke toshe tsakaninsu. Na asalin sun kakkarye. Ishiyaku ya san ƙa'idar. Zobe sai ya zauna a gurbinsa ba matsi ba sako-sako. In an sa shi a silinda aka ɗaga wa rana, kada haske ya ratso ta gefe, bakinsa biyu kuma su bar 'yar kafa, don ƙarfe yana buɗewa in ya ji zafi. Silindar kuwa ba ta da 'yar'uwa ko a Kano. In ta karce, babur ya mutu. Niyyarsa ya ba wani direba fistan ɗin ya tafi da shi Ikko a gwada.

Matarsa Lubabatu ta je ganin gida Kibiya, ta faɗi maganar a hira. Mahaifinta, Malam Ramalan, falke ne mai kai fatu Kano, mutum mai son a ce ya yi. Ya shiga Sabon Gari, ya kwatanta faɗin abin da yatsunsa kamar mai sayen munduwa, aka naɗe masa zobba a takarda. Kafin ya iso Rano, har mata a bakin rijiya sun ji cewa ya samo wa mijin 'yarsa maganin babur.

Ishiyaku ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, kansa a ƙasa. Da ya shiga cikin gida ya gwada, sai ya tofar da yawu. Na wani injin ne daban, sun fi silindar faɗi, ga tsatsa an lulluɓe ta da man gyaɗa.

Ya ce wa matar, "Ki gaya wa Baba ba su yi ba."

"Ni? Ya zaga Kano dominka, in ce masa shara ya sayo? Kai ba ka da baki?"

"Ni da ko ruwa ba na sha a gabansa?"

"To ka ce sai bayan salla."

"Ya shimfiɗa buzu a zaure, Lubabatu. Ya ce ba zai koma ba sai ya ji kukansa."

Abokinsa Lado mahauci ya leƙo ta katanga. "Maƙeri, an sa wa jakin Nasara munduwar? Ka ɗana ni in kai nama ƙauyen Saji."

"Rufe mini baki, mai ƙarnin tumbi."

Washegari Ishiyaku ya zauna a gaban surukinsa ya ɗauki magagari ya yi aikin da in wani ya yi a gabansa zai kore shi. Ya ci bakin zobban har suka shiga. Da ya ɗaga wa rana, haske na ratsowa ta gefe biyu, zoben ya zama kamar ƙwai. Malam Ramalan ya gyaɗa kai ya ce, "Ka gani? Ɗan gyara ne kawai." Ishiyaku ya ce, "Haka ne, Baba."

Mutanen unguwa suka tura, injin ya yi tari ya kama. Hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gida da warin ƙonannen mai, mata na guɗa, tsohon na murmushi. Ishiyaku ya hau ya miƙi hanyar Yalwa. Bai wuce gonakin bayan gari ba injin ya yi wata ƙara mai sa haƙora tsami, ya tsaya cak. A gindin wata ɗorawa ya buɗe injin. An yi wa silindar tsaga daga sama har ƙasa, kamar aikin wanzami. Ya turo babur ɗin gida, ya ce wa jama'a fetur ne ya ƙare.

Yanzu ya koma ƙirar fartanya da lauje. Babur na zaure an rufa masa tabarma, in aka taɓo zancensa sai ya ja tsaki ya tashi. Ranar kasuwar Kibiya da ta wuce ya sayi goro, ya tafi a ƙafa, ya durƙusa a ƙofar zauren Malam Ramalan ya yi godiyar tsaraba. Tsohon ya tambaye shi yaya zobba. Ya ce sun zauna daram.