Abin da Baba Ya Gani a Gefen Wata

Mahaifina tela ne a Kalley, cikin birnin Yamai, amma ba da ɗinki aka san shi ba. Ɗinkinsa dai ga shi nan, a sa a fita kunya. Abin da aka san shi da shi a Kirkissoye, inda muke zaune, shi ne ido. Yana cikin mutum biyu da limamin unguwarmu yake aikawa duban jinjirin wata. Ɗayan kuwa abokinsa ne tun suna samari a Damagaram, direban taksi, wanda muke ce wa Kawu.

Ga yadda abin yake. Ranar ashirin da tara ga Sha'aban, da ranar ashirin da tara ga azumi, liman yakan aiko a kira su da la'asar sakaliya. Su hau benen wani ɗan kasuwa da ke bakin hanya, su fuskanci yamma. In sun ga wata, su sauko su faɗa wa liman a ƙofar masallaci. Shi kuma ya yi musu tambayoyi, ya ji bakinsu ya zo ɗaya, sannan ya buga waya ga manyan malaman da ke tattara shaidar ƙasa, daga nan sai rediyo. Shaidar mutum ɗaya ba ta isa, sai biyu, kuma biyun sai waɗanda ba a taɓa kamawa da ƙarya ba. Ba a biyan kowa. Amma tun ina ƙarama na san matan unguwa ba sa jiƙa geron kunu sai sun leƙo sun tambayi Inna, mahaifiyata, abin da Malam ya ce. Inna takan amsa musu tana ƙanƙance ido, sai ka ce ita ta hau benen.

Shekarar da abin ya faru ina koyarwa a lakwal ɗin unguwa, wato makarantar boko, ban yi aure ba tukuna. Kuma bari in faɗa tun yanzu, don kada wani ya tare ni a hanya: ni ban ga komai ba. Ina tsakar gida ina fama da gawayin da ya ƙi kamawa. Abin da ya gudana a ƙofar masallaci daga bakin waɗanda suke wurin na ji shi, kuma kowa ya ba ni shi iri ɗaya, abin da ba a cika samu ba a unguwarmu.

An idar da magariba, Baba da Kawu suka sauko, suka ce sun ga watan azumi. Liman ya yi tambayoyin da ya saba: ta ina, tsayinsa nawa daga kan itatuwa, ƙahonninsa ina suka duba. Amsa ta zo daidai. Har ya ciro waya daga aljihu. Sai ya rufe da tambayar da yake rufewa da ita kowace shekara, wadda ba a taɓa amsa masa ba, wai ko akwai abin da ya rage.

Baba ya ce, "Allah gafarta Malam, akwai. Akwai wani abu a gefen watan, ta hannun dama. Kamar faifai a kife. Ya tsaya cik, ba ƙara, ba hayaƙi. Can sai ya yi sama, ban ƙara ganinsa ba."

An ce muryar da ya faɗi haka ita ce wadda yake gaya wa mutum yadinsa ba zai isa wando ba. Liman ya tambaye shi ko tsuntsu ne, ya ce a'a. Ko jirgi, ya ce ya san jirgi. Wani a bayan sahu ya ƙyalƙyale da dariya, aka tsawata masa, masu tsawatarwar ma suna rufe baki da hannun riga. Liman ya juya ga Kawu. Kawu ya duƙar da kai yana kallon takalminsa, ya ce shi wata kaɗai ya duba. Da dariyar ta ƙaru, sai ya ƙara da cewa watan ma, in an bi ta gaskiya, akwai ɗan gajimare a wurin, ba zai rantse ba. Shaida ta koma ta mutum ɗaya, mutum ɗayan kuma mai ganin faifai a sama. Liman ya mayar da wayarsa aljihu.

A wannan yammacin ba inda aka ga wata a faɗin ƙasar, rediyo ta ce a cika Sha'aban talatin. Amma malamai sun ce wanda ya ga wata da idonsa azumi ya hau kansa, ko an karɓi shaidarsa ko ba a karɓa ba. Saboda haka washegari Baba ya ɗauki azumi shi kaɗai a duk Yamai, iyakar sanina. Ranar kuwa kowa ya san ranar cika ciki ce. Inna ta dafa shinkafa da miyar kifi, ta zauna inda ƙamshi zai fi isa ɗakinsa, ta ci. Shi kuwa ya ƙetare gadar kogi ya tafi shago da busasshen baki, ya dawo ya sha ruwa da dabino.

Kafin azumi ya yi nisa kowa a unguwa ya san abin da Baba ya gani, in ban da Baba. Masu shayi a fada, majalisar samarin bakin titi, suka ce jirgin sojan anasara ne, irin mara matuƙin nan. Baba ya ce waɗancan suna da ƙugi, kuma ba ta yamma suke tashi ba. Maƙwabciyarmu Bazabarma ta ce mutanen kogi ne, wato aljanun ruwa, ta kawo turare a ƙulle a leda. Wani ya ce hawan jini. Inna ta fi son wannan, domin ciwo ba abin kunya ba ne. Ta ja shi har wurin likitan ido, aka ɗiga masa magani, aka haska, aka sa shi karanta ƙananan haruffa. Likita ya ce lafiyarsa lau. Inna ta dawo gida tana faɗa, wai likitocin yanzu ba su san aikinsu ba, an kai musu mutum sun kasa samo masa ko ɗan yana.

Sai kuma aka samu waɗanda suka yarda da shi, su ne ma suka fi wahalar da mu. Ƙanena yana jami'a a lokacin. Ya kwaso abokansa suka cika mana zaure, kowa da waya a hannu. Suka ce abin da ya gani yana da suna a Faransanci, obni ake ce masa. Suka karanto masa tarihi: wai tun zamanin kakanninmu, bayan babban yaƙin duniya, wani matuƙin jirgi a Amerika ya fara ba da labarin irinsa, daga nan mutane suka yi ta gani, manoma da sojoji da direbobin manyan motoci. Wasu suka ce an ɗauke su an shiga da su ciki. Suka nuna masa zanen wasu halittu masu ƙaton kai da idanu kamar na fara, wai baƙi ne daga wata duniya. Baba ya karɓi wayar, ya nisanta ta da fuskarsa, ya duba da kyau, ya ce ko su waye ne ba su samun abinci.

Suka yi ta jan bakinsa. Ƙofa ta buɗe? Haske ya sauko? Ya ji wata murya a cikin kansa? Ya ce bai ga ƙofa ba, bai ga kowa ba, bai ce daga wata duniya abin ya zo ba, domin bai ga inda ya fito ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce to ko kore ne, ya ɗan tuna. Baba ya ce launin tukunyar da aka daɗe ana girki da ita ne. Suka tashi ransu a ɓace. A bakin ƙofa na ji wani yana raɗa wa ƙanena cewa tsohon yana ɓoye wani abu, wataƙila an tsorata shi. Na ce da shi in ya sake tako mana gida, ni zan tsorata shi da muciya.

To ka ji halin da muka shiga. Rabin gari na so ya rage, rabi na so ya ƙara, shi kuwa ya tsaya a kan faifansa, ba ƙari ba ragi. Haushinsa nake ji, wallahi, kuma tausayinsa na cin raina. Yara a lakwal suna zana faifai a allo kafin in shigo aji. Amma wanda na fi jin haushi Kawu ne, wanda tun ranar bai sake zuwa shan ruwa gidanmu ba, shi da kwanonsa ma daban yake a wurin Inna.

Wata ranar Asabar na same shi a Gaweye, gindin gada, inda yake ajiye taksinsa yana jiran fasinja. Ban gaishe shi yadda ya kamata ba, kuma ban yi nadama ba. Na ce masa ya dubi azumin da ke bakinsa ya gaya mini. Ya daɗe yana goge madubin mota da tsumma, madubin da ba abin da ya same shi.

Ya ce, "Na gani, ɗiyata. Ni ne ma na fara ganinsa, ni na taɓa shi na nuna masa."

Na ce to me ya hana shi faɗa. Ya ce in tsaya in yi tunani, wa zai sa iyalinsa a motar direban da ke ganin faifai a sama? Yana da ƴaƴa mata da ba a zo neman aurensu ba tukuna. Ya ce a kan matakalar benen sai da ya roƙi Baba su faɗi watan kawai su yi shiru, Baba ya ce masa in ba a tambaya ba, to zai yi shiru. Sai kuwa aka tambaya. Na ce yanzu ma ai bai makara ba, masallacin yana nan inda ya bar shi. Ya ce fasinja na jiransa. Ba kowa a motar.

Ban gaya wa Baba na je ba. Me zan gaya masa da bai sani ba?

Ana cikin goman ƙarshe liman ya zo gidanmu da kansa bayan la'asar. Mutumin kirki ne, ba zan ci zalinsa ba. Ni da Inna muna bayan labule, ba mu ko yi ƙoƙarin ɓoye ƙafafunmu ba. Ya ce duban watan Salla ya matso, kuma ba shi da idon da ya kai na Baba. Ba ya neman Baba ya ce ya yi ƙarya. Kalma ɗaya kawai, a ƙofar masallaci: wataƙila idona ne ya yi mini gizo. Kowa ɗan Adam ne, a wuce wurin, Baba ya koma kan bene. Inna ta damƙe mini hannu har sai da na ji zafi. Ni ma a zuciyata cewa nake, Baba faɗi mana, me zai ci ka.

Baba ya ce, "Allah gafarta Malam, idon da ya ga wancan shi ya ga watan. In na ce ya yi mini gizo a ɗaya, don me za ku sa jama'a su ajiye azumi a kan ɗayan?"

Liman ya yi addu'a, aka shafa. Ya sa takalminsa. Inna ta shiga madafa ta yi ta buga tukwane da ba su yi mata laifin komai ba.

Ranar ashirin da tara aka aika wasu mutum biyu, ɗaya ɗan liman ne, da madubin hangen nesa da wani ya kawo daga Makka. Ta ƙofarmu suka wuce. Sama kuwa ranar tas take, ko ɗigon gajimare babu. A tsakar gidanmu, in ka tsaya kusa da randa ka ɗaga kai ta kan katanga, yamma a buɗe take. Baba ya dawo daga masallaci, ya shimfiɗa buzunsa ya zauna yana fuskantar gabas, carbi a hannu. Na ɗauka lazimi yake, na jira. Hasken yamma yana ta raguwa, lokacin yana wucewa, shi bai motsa ba. Na kasa daurewa.

Na ce, "Baba, ku taso ku duba mana. Ba sai an gaya wa kowa ba, mu kaɗai."

Bai waiwayo ba. Ya ce, "In na duba zan gani. In na gani, aka tambaye ni, sai na faɗa. Ɗauko mini rediyo."

Na ɗauko. Batirinta ya yi sanyi, sai da ya kara ta a kunne. Haka ya zauna, bayansa ga yamma, har wani mutum da bai taɓa gani ba ya gaya masa gobe Salla.

Yau shekaru ke nan. Na yi aure, ina da ƴaƴa, an daina zana faifai a allo, matan unguwa a waya suke jin labarin wata. Idon Baba har yanzu garau, yana zura zare a allura ba tabarau. Duk ranar ashirin da tara nakan je gida da yamma, in sayi sabon batir a hanya.