Buhu Huɗu Da Masu Hoto Biyu

Wata Asabar a tsakiyar damina, ina 'yar shekara tara, motoci uku suka tsaya a ƙofar gidanmu a Daura. Gidan yara marasa galihu ne, a hannun Gwaggo Asabe, wata tsohuwar malamar firamare. Ni daga wani ƙauye kusa da Babban Mutum aka kawo ni, bayan matar kawuna ta watsa mini tafasasshen ruwa a baya don na fasa tulu. Lokacin hatsinmu ya kusa ƙarewa, tuwo sau ɗaya muke ci a wuni. Saboda haka da muka ji wata Hajiya za ta kawo taimako, tun da safe muka share tsakar gida, muka ɗaure awaki, muka watsar da duwatsun carafke, muka jeru kamar a filin makaranta.

Hajiya ta fito tana ƙamshi, tana tattare zani kada taɓonmu ya taɓa ta. Buhun shinkafa huɗu ta kawo, amma masu ɗaukar hoto har biyu! Buhunan ma sai da aka juya su, sunanta ya kalli kyamara. Ta kama hannun ƙaramarmu da yatsu biyu, ana gama hoto ta goge su da hankici. Sai wani ya raɗa mata labarina. Ta yafito ni, ta ce, "Ke, ɗaga rigarki su gani." Wallahi na kama bakin rigar, don na san abin da ya rage a tukunyarmu. Gwaggo ta shiga tsakaninmu, ta ce, "Hajiya, bayan yarinyar nan ba na talla ba ne." Hajiya ta yatsina fuska, wai to ta yaya jama'a za su san ta taimaka. Muna tsaye aka mayar da buhunan mota, har da wanda muka riga muka ja zuwa zaure. Tir da wannan sadaka!

Mako biyu muka yi muna cin kwaɗon tafasa, wasu yaran suna hararata in mun fita cirar ciyawa. Na yi kuka na ce wa Gwaggo da ma ta bari na ɗaga rigar. Ta ce, "Yunwa za ta wuce, hoto ba ya wucewa." Daga baya wani manomi ya sauke mana gero daga amalanken shanu, ya tafi bai ko shigo ba. Har yau ban san sunansa ba.

Yanzu irin su Hajiya sun cika gari, kowa da wayarsa. Kwalin taliya ɗaya, sai ka ga fuskar yaro da tabonsa sun zaga duniya kafin a ɗora tukunya. Ina kewar Gwaggo, Allah Ya ji ƙanta. Ga ni da jikoki, kuma babu wanda ya taɓa ganin bayana sai wanda ni na so ya gani.