Ɗakin da Maman Benson ta kulle

A layinmu na Kakuri, idan ana maganar tsafta, Hadassah ake nufi, wadda kowa ke kira Maman Benson. Ni maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma na sha jin haushinta, don mace ce da za ta kalli tsakar gidanki ta yi shiru, shirun da ya fi zagi ciwo.

Daga Filato ta zo tana amarya. Mijinta, Baba Bulus, ma'aikacin masaƙa ne, shi ya gina gidan ɗaki bayan ɗaki tun injinan na ruri. Ita kuma tana soya ƙosai a bakin titi, da shi ta riƙe gida bayan an rufe masaƙa. Ranar da aka binne shi ta shiga ɗakinsa, ta gyara gado, ta rataye rigarsa ta zuwa coci, ta rufe taga, ta danna kwaɗo. Ta ce ba mai taɓa masa kaya. Makullin kuwa a bakin zaninta ya zauna shekara da shekaru.

Ɗanta Benson yana aiki a Abuja, kullum maganarsa ɗaya, ta koma wurinsa, gidan ya tsufa. Ita kuma amsarta ɗaya, gawarta ce kawai za ta bar gidan Bulus. Da ya zo bara ya ga katakon ƙofar banɗaki ya yi baƙi, ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen burodi, sai suka yi yarjejeniya: a kira kafinta, in ya ce gida lafiya, Benson ba zai sake tayar da zancen ba; in kuwa ya ce ba lafiya, ta bi ɗanta Abuja.

Istifanus kafinta ya zo daga Trikania. Ni ma na leƙo, don ba a ba ni labari. Ya soka ƙusa a katakon, ruwa ya tsattsafo.

"Mama, wannan ba komai," in ji shi. "Ruɓar ruwa ce. Inda ruwa yake nan take tsayawa. A gyara famfo, a canja katako, shi ke nan."

Maman Benson ta kalli ɗanta ta gyara ɗaurin kallabi. Har Istifanus ya ɗauki jakarsa, sai idonsa ya faɗa kan wata jar ƙura a gindin ƙofar da ke kulle.

"Ƙurar titi ce," ta ce. "Masu Keke ne. Kullum sai na share."

"Ƙurar titi ba ta fitowa daga cikin ɗaki, Mama. A buɗe in gani."

Ta ƙi. Sai da Benson ya ce, "Mama, haka muka yi da ke," sannan ta kwance bakin zani.

Wari ne ya fara tarbar mu, irin na naman kazan da ke tsirowa a jikin ruɓaɓɓen itace. Ni dai ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Wani farin abu kamar auduga ya lulluɓe ƙafafun gado, ya bi bango ya haye silin. Gadon ya durƙusa gefe guda. Ba digon ruwa ko ɗaya a ƙasa, komai a bushe. Istifanus ya hau benci ya kama katakon da ke ɗauke da rufi, sai ya ɓantale masa a hannu, gutsi-gutsi, ya murje shi ya zama gari.

"Gara ce?" Benson ya tambaya.

"Da gara ce da sauƙi. Wannan busasshiyar ruɓa ce. 'Yar laima kaɗan take so, da ɗakin da iska ba ta shiga. In ta samu, sai ta yi tafiya ta cikin bango." Ya nuna sama. "Ta wuce falo. Ina jin ta kai kan gadonki, Mama. Ba zan ce ki kwana a ƙarƙashin rufin nan ba."

"Da an riƙa buɗe taga fa?" ta tambaya a hankali.

Istifanus ya sunkuyar da kai.

Na zaci za ta yi kuka. Ba ta yi ba. Ta taka cikin jar ƙurar, ita da ba ta yarda yaro ya shigo mata da takalmi, ta sauko da rigar cocin ta ninke. Benson kuwa ko kallonta ya kasa yi.

Da za su tafi Abuja ta tsaya a ƙofata ta miƙo mini makullin. Na ce me zan yi da shi.

"Ki ba yara su yi wasa," ta ce. "Na hana kowa shiga don kada a ɓata masa ɗaki."