Sha'aibu Mai Keke, Wanda Ya Sauko da Attajiri Daga Kan Dandamali

Ranar Talata, 13 ga Nuwamba, 1979, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Sha'aibu mai gyaran keke a gidansa da ke Kurmin Sarki, nan Suleja, bayan jinyar kwana tara. Ya rasu yana da shekara hamsin da takwas. Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa za mu koma. Ina cikin aji ina duba aikin wani sabon malami aka leƙo aka shaida mini. Na ajiye alli na fito, na tsaya ina kallon rumfarsa da ke tsallaken titi, a rufe.

Na zauna in rubuta ta'aziyya da nauyin zuciya irin wanda ya dace, amma Malam Sha'aibu, ka hana ni. Duk abin da na tuno game da kai, sai in ji murmushi ya suɓuce mini. Iyalanka su yi mini uzuri. Sun san wanda suka zauna da shi.

Shekara takwas rumfarka tana kallon ƙofar makarantar da nake shugabanta. Babu malamin da bai taɓa jingine kekensa a wurinka ba. Ka ajiye randa a gefen rumfa musamman don matan Gwari masu shigowa gari da itace a kafaɗa, kuma kai da kanka kake cika ta kowace safiya kafin ka taɓa sifana. Ka koyi gaisuwa da Gwaranci da Nufanci da Yarabanci da Ibo, kuma dukkansu a karkace kake yin su. Masu harshen su yi ta dariya, kai kuma ka ce ai dariyar kake nema, mutumin da ya yi dariya a rumfarka ya daina zama baƙo.

Ni da kai kuwa ba mu taɓa haɗuwa a kan ra'ayi ɗaya ba. In na ce za a yi ruwa, ka ce iska ce. Amma gardamar da garin nan ba zai manta ba ita ce ta bara.

Da soja suka ɗage takunkumin siyasa, wani hamshaƙin attajiri ya fito neman jam'iyyarmu ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa. Ba sai na kama sunansa ba. A nan kowa da Mai Tireloli ya san shi. Ni na shiga jirginsa tun ranar farko. Ya gina azuzuwa a garuruwa da dama, ya haƙa rijiyoyi, kuma a ganina wanda ya ƙoshi da nasa ba zai sa hannu a baitulmali ba. Da na gama zayyana maka wannan, ba ka ɗago daga tayar da kake liƙewa ba, ka ce, "Hedimasta, na san shi tun ba shi da tirela ko ɗaya."

A ranar na fara jin abin da ba ka cika faɗa ba. Kafin ka dawo gida ka kama gyaran keke, ka yi shekara goma sha ɗaya kana ɗan doka a wani babban gari na Arewa, kuma wannan attajirin shi ne mai kula da 'yan doka a majalisar garin a lokacin. Shi ya ba da umarnin a riƙa tare mutane a tasha da ƙofar kasuwa ana lalube su. Ba kowa ake tarewa ba. An ce muku ku dubi tsagar fuska, ku dubi sutura, ku saurari harshe. Wanda Hausarsa ta fita tas ya wuce. Wanda ta karkace ya ajiye kayansa.

Na ce maka ai wancan zamani ne, kuma an ce sata ta ragu a garin. Muka yi ta yi, har abin ya fita daga rumfarka ya shiga kasuwa. Da lokacin zaɓen wakilan da za su je babban taron jam'iyya ya matso, dattawan reshenmu suka ce a daina cacar baki a bakin titi, a yi muhawara a fili, kowa ya ji. Aka sa ranar Asabar bayan la'asar, a filin makaranta.

Na shirya, Allah Ya sani. Na zo da takardu cike da jaka, na yi rabin awa ina magana, na sha tafi. Na zauna ina ganin na gama da kai, don ko wurin ba ka iso ba. Can sai ga ka a kan keke, kana haki, da wani dattijo zaune a baya ya rungume ka kamar zai faɗi. Ka jingine keken, ka riƙo hannunsa har gaban jama'a.

Ka ce, "Ni ba ni da takarda. Wannan sunansa Dogara, manomin doya ne daga Garam. Shekara goma sha huɗu da suka wuce ya kai doya wancan gari a mota. An tare shi a tasha, aka sami wuƙar fere doya a aljihunsa, ya kasa yin bayani da Hausa. Kwana uku ya yi a tsare a gadurum. Kafin ya fito an wawashe doyarsa. Hedimasta ya ce sata ta ragu. To wannan satar ba a rubuta ta ba, shi ya sa ba ta cikin jakarsa." Sannan ka ce, "Ɗan dokan da ya kama shi ni ne. Na ji harshensa, na san daga ƙasarmu ya fito, amma na sa masa ankwa, don ina tsoron a ce ban yi aiki ba."

Mutanen da suka yi shekaru suna sallah sahu ɗaya da kai ba su taɓa sanin wannan ba, kuma babu wanda ya tilasta maka faɗa. Ashe tun ranar Juma'a ka hau keke ka tafi Garam ka neme shi.

Dogara ne ya kwance mu daga nauyin maganar. Ya ce da Hausar da ya koya daga baya, mai daɗin ji, "Ya zo gidana ya durƙusa. Na ce tashi, gwiwarka ta tsufa. Shi na yafe masa. Doya ma na yafe, ta daɗe da narkewa a cikin waɗanda suka ci. Amma wanda ya aiko shi fa? Shi ban gan shi ba." Aka fashe da dariya har da masu share hawaye. Ni dai na miƙe na ce mutum yana canzawa cikin shekara goma sha huɗu. Ka ce, "In ya canza, ya zo ya faɗa da bakinsa."

Bayan sati biyu kuwa attajirin ya zo, da jerin motoci tun daga mararraba. An riga an kai masa labari, don haka a tsakiyar jawabinsa ya ce an yi kurakurai a baya, yana neman afuwar jama'a. Mu magoya baya muka ɗauki tafi. Tafin na lafawa sai aka ji muryarka daga tsakiyar taro: "Ranka ya daɗe, ba jama'a ce ta kwana a gadurum ba. Ga wanda ya kwana."

'Yan bangar attajirin sun fara kutsawa ta inda kake, kai kuwa kana tsaye da riga mai tabon baƙin mai, hannunka a kafaɗar Dogara. Attajirin ya ɗaga musu hannu. Ya ƙura maka ido ya ce, "Kofur Sha'aibu?" Ka ce, "Ni ne, ranka ya daɗe." Daga nan ya tattare babbar rigarsa ya sauko daga kan dandamali, matakala bayan matakala, ya ratsa mutane har gaban Dogara ya rusuna.

Sai ya juyo ya tambaye ka yadda ake cewa "yi haƙuri" da Gwaranci. Ka raɗa masa, ya maimaita da ƙarfi. Nan fa duk wani Bagwari da ke filin ya riƙe ciki, don Gwarancinka ne ka ba shi, kuma abin da ya fito shi ne tambayar lafiyar akuya. Dogara ya amsa masa cewa akuya tana lafiya, ya kama hannunsa ya tashe shi. Kafin a ankara, Nnabuike mai kantin magani ya matso ya ce shi ma an taɓa zazzage masa akwati a waccan tashar. Bayansa wata dattijuwa mai sayar da atamfa, Mama Morenike, ta fito. Mutum bakwai suka yi layi, kuma bai koma kan dandamali ba sai da ya saurari kowannensu. Ban taɓa ganin taron siyasa ya tashi da fara'a irin ta wannan rana ba.

An zaɓe ni cikin wakilai, na je babban taro, na ba shi ƙuri'ata. Bai sami tikitin ba. Da na dawo na gaya maka cewa bayan muhawara na yi niyyar juya masa baya, saukowar nan ce ta dawo da ni, ka yi dariya har ka zauna a kan fanteka, kana cewa, "Ashe ni na yi masa kamfe!" Amma ba ka sauya ba. Ka ce ya sauko, ka yaba, sai dai da ba don zaɓe ba da bai sauko ba. Ni kuma na ce ko ma mene ne dalili, ya dai sauko. A kan wannan muka shekara muna yi. Ranar Lahadin da na je duba ka, muryarka ba ta fita sosai, amma da na tashi tafiya sai ka yafito ni, na sunkuya ina zaton wasiyya ce, ka ce, "Hedimasta, har yanzu ba ka da gaskiya."

An yi jana'izarka bayan azahar. Nnabuike ya rufe kanti. Mutanen Garam sun zo a bayan akori-kura, waɗanda ba sa sallah suka tsaya gefe har aka idar, sannan suka bi mu maƙabarta a ƙafa. A hanyar dawowa Dogara ya riƙe mini hannu ya ce tun da ni ne mai rubutu, in rubuta cewa babu komai tsakaninsa da kai sai alheri, kada wani ya yi zaton da sauran magana. To ga shi na rubuta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Malama Asama'u, da 'ya'yanka Sabo da Mairama da Ummulkhairi, da jama'ar Kurmin Sarki, da mutanen Garam da suka ɗauke ka nasu. Allah Ya ba su haƙuri, Ya albarkaci bayanka.

Ya Allah, bawanKa Sha'aibu ya tona laifin kansa a gaban mutane alhali Ka rufa masa asiri, don kawai a ba wani haƙƙinsa. Ka rufa masa asiri a ranar da babu mai rufawa sai Kai. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Mu kuma da muka rage, idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani, ba tare da haƙƙin kowa a wuyanmu ba. Amin.

Salisu Bamalli
Suleja